Jan Ƙyallen Jarka

Motar ta tashi da ƙarfe huɗu saura kwata. Kafin lokacin, 'yan tsaki ɗari biyu da goma sha ɗaya cikin ɗari shida sun mutu a kwalayensu. Makanikin da ya tayar da ita ya ce laifinsa ne, aka kuma hana shi sake taka gidan da yake neman aure. Yarinyar da yake nema tana tsaye a wurin, ta san ba laifinsa ba ne.

Ta yi shiru kwana tara.

Ranar Talata ce, a kan titin da ya taso daga gidan ƙyanƙyasa, daidai inda babu inuwa sai ta allon talla guda ɗaya. Baba, mai gonar kaji, shi ke tuƙa tsohuwar a-kori-kurarsa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana gefensa. Ita ke kula da rigakafi da abincin kajin tun da ta gama karatu. A baya akwai kwali goma sha biyu na tsaki 'yan kwana ɗaya.

Da sha biyu da minti ashirin motar ta fara tari. Baba ya taka totur, ta yi kamar za ta amsa, sai ta saki farin hayaki ta salansa, ta girgiza sau uku ta mutu. Ya gangara da ita gefen titi da ɗan gudun da ya rage.

Ya murɗa makulli. Kik ya juya, inji bai kama ba.

Ya sake murɗawa.

"Jiya-jiyan nan aka gyara ta," in ji Baba, bai kalle ta ba.

"Bari in kira shi, Baba."

"Kira shi mana. Ai aikinsa ne."

Wanda za a kira ɗin Bahago ne, makaniken da ke da gareji mai rami uku a layin masu walda. Da hagu yake riƙe sifana, shi ya sa sunan ya bi shi. Wata bakwai ke nan yana neman Auta, Baba yana cewa a bari a gani. Yayanta kuwa ba ya ɓoye zaɓinsa: abokinsa, mai shagon kayan gyaran mota, wanda hannunsa ba ya baƙi. Ranar Litinin Bahago ya zo har gona ya sauya wa motar famfon mai da fulogai. Famfon bai saye shi a shagon abokin Yaya ba.

Auta ta hau baya ta buɗe kwalayen. Ta yage murfin ɗaya tana yi musu fifita, Baba yana yayyafa ruwan gora a kan buhu yana rufa wa ƙarfen motar. Kukan tsakin da ya cika kunne a gidan ƙyanƙyasa ya fara raguwa. Na kusurwa sun buɗe baki suna haki.

Minti arba'in Bahago ya yi kafin ya iso a babur, akwatin kayan aiki ɗaure a bayansa, filasta a tafin hannunsa na hagu. Ya durƙusa ya gaishe da Baba.

"Bar gaisuwar nan," in ji Baba. "Ga amaryarka can, ta ƙi tashi."

"Yaya ta yi kafin ta mutu, Baba?"

"Ta yi tari, ta yi hayaki, ta mutu. Ko so kake in kwaikwayi kukanta?"

"Hayakin fari ko baƙi?"

"Fari."

Bahago ya ɗaga bonet. Ya taɓa kan batir, ya girgiza wayoyin, ya buɗe akwatin fis ya zaro biyu ya ɗaga su a rana ya mayar. Sannan ya kwanta a ƙasa ya kai kunnensa kusa da tanki.

"Auta, buɗe makulli, amma kada ki tayar."

Ta buɗe.

"Famfo yana aiki," ya ce daga ƙarƙashin motar. "Ina jin kukansa."

"Kuka daban, aiki daban," in ji Baba.

Bahago ya fito ya kwance fulogi ɗaya, ya jingina shi da jikin inji ya ce ta murɗa. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya. Ya ɗaga fulogin ya duba bakinsa. A jiƙe yake, kuma jiƙar mai maiƙo ce. Ya shafa a yatsa ya daɗe yana murzawa. Ya zare tiyon mai, ya tari kaɗan a gindin wata yankakkiyar gora, ya ɗiga a kan murfin kwalin da Auta ta ajiye.

Fetur idan ya ɗiga a kwali a rana irin wannan, kafin a ƙirga ashirin ya bushe. Wannan bai bushe ba. Ya bar tabo mai faɗi yana ƙyalli.

Bahago ya kai gorar hancinsa sau ɗaya. Ya kalli shuɗiyar jarkar da ke kwance a bayan motar.

"Baba, an ƙara mata mai a hanya?"

"Na ƙara da hannuna a gidan ƙyanƙyasa, Auta tana ciki tana karɓar kwalaye. Jarkar fetur ce, marar ƙyalle. Ko shi ma za ka ce laifi ne?"

Fifitar ta tsaya a hannun Auta.

Shekara uku ke nan Baba ba ya jin ƙamshi ko wari, tun wata jinya da ya yi. Ba ya son a faɗa. A sitonsa akwai jarka biyu iri ɗaya, shuɗaye, ɗaya ta fetur ɗin mota, ɗaya ta man gas na janareta. Da kansa ya ɗaura jan ƙyalle a mariƙin ta gas, ya kafa doka: mai ƙyalle ta inji, marar ƙyalle ta mota. Ba ya sunsunawa, ba ya tambaya.

Ranar Litinin sifana ta kuɓuce wa Bahago, ƙarfe ya tsaga masa tafin hannu. Baba yana can ƙarshen gona, kuma ya riga ya gaya wa Auta kada ya ga ta tsaya da yaron nan ba kowa a wurin. Ta ga jini, ta ja shi sito, abin da ya fi kusa da hannunta shi ta kwance ta ɗaure masa. Har ya tambaye ta ko ƙyallen na wani abu ne. Ta ce alamar Baba ce, ta gaya masa dalili a taƙaice, ta ce za ta ɗaura wani yanzu-yanzu.

Sai aka kira ta wajen kaji.

Yanzu Bahago yana kallonta, tana kallonsa, tabon yana nan a kan kwali. Ya kife gorar a ƙasa, ya tura ƙura a kai da takalminsa, ya juya kwalin.

A daidai lokacin motar abokin Yaya, mai shagon kayan gyara, ta tsaya a bayansu. Yaya ya fito da sauri, abokin nasa ya biyo shi a hankali yana kare fuska da hankici.

"Na faɗa, Baba. Na ce ka bar mini tafiyar nan."

"Da kai ke tuƙi da ba ta mutu ba ke nan?"

Mai kayan gyara ya leƙa injin daga nesa, hannayensa a baya kada rigarsa ta taɓa. "Sabon famfo aka sa, ko? A ina aka samo shi, Malam Bahago? Don akwai wasu da ke yawo yanzu, kwalinsu kawai ke da kyau."

"Famfon lafiyarsa ƙalau."

"To me ya kashe ta?" in ji Yaya.

Auta ta kalli Baba. Maganar gajeruwa ce, ta riga ta jera ta a ranta. Amma ga Yaya tsaye, wanda wata shida ke nan yana cewa Baba ya tsufa da tuƙi, ya miƙa makulli da gonar ya huta. Ga baƙo. Ga Baba da gumi ya jiƙa masa hula.

"Datti ne ya shiga layin mai lokacin da nake sa famfo," in ji Bahago. "Ban tsaftace da kyau ba. Sai an juye tankin gaba ɗaya. Laifina ne."

Ya kalli Auta.

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da fifita.

"Yaya, ku kwashe kwalayen nan a motarku ku kai gona," in ji Bahago. "Kowane minti asara ce."

Suka kwashe suka tafi. Bahago ya shiga ƙarƙashi ya juye tankin a cikin jarkar da wani tsohon bokiti. Warin gas ya cika wurin har yana hawa kai. Baba yana tsaye a kansa bai ji komai ba. Bahago ya wanke fulogai, ya busa matacin mai, ya hau babur ya je ya ɗebo fetur. A murɗawa ta biyar injin ya kama, ya yi hayaki na minti biyu, ya daidaita.

Wayar Baba ta yi ƙara. Yaya ne, ya gama ƙirga matattu.

Baba ya saurara, ya kashe wayar, ya sa a aljihu.

"Na gode da ka tayar da ita," ya ce. "Daga yau kada ka sake taɓa motata. Kada kuma in sake ganinka a ƙofar gidana."

"To, Baba."

Ya ɗaure jarkar a bayan babur, ya ce zai zubar da dattin.

Kafin su isa gida saƙonsa ya shigo wayarta: "Kada ki ce komai. Ki ɗaura wani abu a jarkar gas idan an sayo sabuwa."

Ta karanta sau uku. Ta ji sauƙi, kuma sauƙin ne ya fi komai ci mata rai daga baya.

Labarin bai kwana ba. Mai kayan gyara yana da kanta a bakin hanya, kuma duk direban da ya tsaya sayen bel ko man birki sai ya tafi da labarin makaniken da ya sa famfon jabu ya kashe tsaki. Ranar Laraba tsakin ɗari biyu ne. Ranar Juma'a sun zama ɗari biyar. Ranar Asabar mai gidan burodi, wanda motocin rabonsa bakwai ke zuwa garejin Bahago shekara huɗu, ya aiko direbobinsa suka kwashe su.

Yaya ne ya kawo labarin gida yana dariya.

"Kin ga abin da nake gaya miki, Auta? Allah ya tsare ki da wuri."

"Uhm."

"Abokina ya ce a gaishe ki. Ya ce idan kina so zai koya miki tuƙi."

"Ka ce ina amsawa."

Inna, mahaifiyarsu, tana tsintar wake a tire. Ba ta ɗago ba.

"Ka bar yarinya ta ci abinci," ta ce.

Auta ba ta ci ba. Kwanakin nan takan shiga ɗakin tsaki da safe ta tsaya tana kallon inda ya kamata a ce ya cika. Takan ɗauki waya ta rubuta masa "ka yafe mini", ta goge, don ta san zai amsa da "ba komai", ita kuma ba ta son jin haka. Baba ya rage magana. Ta ɗauka haushin asara ne. Sau biyu ta same shi a sito tsaye kurum, yana kallon ƙasa.

A rana ta takwas ta ce za ta sayo allurar rigakafi, ta wuce layin masu walda.

Rami biyu babu mota. A na ukun akwai wata tsohuwar tasi da aka cire wa ƙofa. Bahago yana zaune a kan taya yana wanke sifanu da kananzir, yana jera su a akwati daga babba zuwa ƙarami.

"Hajiyar kaji," ya ce. "An bar ki kin fito?"

"Allura na zo saya."

"A gareji?"

Ba ta yi dariya ba. "Ina motocin gidan burodi?"

"Sun tafi shan iska."

"Kada ka yi mini wasa, don Allah."

Ya goge hannu. Filastar ta fita, tabon ya bushe ya yi baƙi. "Kawuna yana da gareji, tafiyar awa uku daga nan. Ya daɗe yana cewa in zo. Zan je in ɗan kwana biyu."

"Kwana biyu nawa?"

"Har maganar ta huce."

"Zan faɗa."

"Ki faɗi me? Cewa Baba ya ɗura wa motarsa gas da hannunsa? A ranar Yayanki zai karɓi makulli, kuma kowa zai ce ya yi daidai. Kin fi ni sanin abin da motar nan take a wurin tsohon nan."

"Ni na kwance ƙyallen."

"A hannuna kika ɗaura shi. Ni ma na ji kin ce za ki mayar, ban tuna miki ba."

"Kai ba gidanku ba ne. Ni ce na san dokar..."

"Auta."

"Na'am."

"Rabin raina, ki bar shi haka. Ni yaro ne, zan sake farawa."

Ta zauna a kan wani bencin da mai ya ci. Can ta ce, "Ba ka ji haushina ba? Ko kaɗan?"

Ya ɗauki sifana mai lamba goma sha biyu, ya duba ta, ya ajiye.

"Gaskiya kike so?"

"Ita na zo nema."

"A bakin titin nan, da na ce laifina ne, na kalle ki. Ban so ki yi magana ba, Allah ya sani. Da kin fara da na katse ki." Ya kalli tabon da ke hannunsa. "Amma na jira in ga kin buɗe baki... in katse ki ɗin."

Ta kawar da kai.

"Shi ke nan abin da ke raina," ya ce. "Ba shi da yawa. Zai wuce."

Ya miƙe ya buɗe wani gwangwani a kan kanta, ya ciro jan ƙyallen. An wanke shi, an ninke shi huɗu.

"Ga kayan Baba. Jinin bai fita duka ba."

Ta karɓa.

"Yaushe za ka tafi?"

"Jibi."

Da safiyar Alhamis ta sami Baba a sito yana auna abincin kaji. Yaya ya fita kai ƙwai. Ta rufo ƙofar rabi, ta ajiye ƙyallen a kan buhun da ke gabansa.

Ya kalle shi. Bai taɓa ba.

"A ina kika samo wannan?"

"Ni na kwance shi, Baba. Ranar Litinin. Ya yanke a hannu, na ɗaure masa da shi, na ce zan mayar da wani, na manta. Jarkar da ka ɗauka ta gas ce. Famfonsa lafiya yake, ba datti ko ɗaya. Ya gane tun a bakin titi, ni ma na gane."

Baba ya ajiye kwanon awo. Ya nemi buhu ya zauna a hankali.

"Ke kika kwance?"

"Ni ce."

"Da hannunki?"

"Da hannuna, Baba."

Ya rufe fuska da tafukansa. Ta ɗauka faɗa ne zai biyo baya. Da ya sauke hannun, idanunsa sun yi ja, amma fuskarsa ta saki irin yadda ba ta gani ba tun ranar Talata.

"Kwana tara," ya ce, "ina zaton ni na kwance shi na manta. Na bincike siton nan kaf. Na ce hanci ya tafi, yanzu kuma kai ya fara bin sa. Haka mahaifina ya fara, da ƙananan abubuwa."

Ta ɗago. "Ka san gas ne?"

"Tun yammacin ranar. Na zo zuba wa janareta, na tarar da jarka ɗaya a bayan buhuna, cike, ba ƙyalle. Na kira uwarki na ce ta sunsuna. Ta ce fetur ne."

"Inna ma ta sani..."

"Na ce ta yi shiru."

"Ka sani, Baba, ka bar shi ana ta..."

"Ke ma kin sani."

A waje kaji suna ta hayaniyar jiran abinci.

"Ni tsoron Yayanki na ji," in ji Baba daga baya. "Ɗan da na haifa. Ke tsoron wa kika ji?"

"Naka. Da na Yaya a kanka. Da nawa."

Ya ɗauki ƙyallen ya warware, ya ga inda tabon ya ƙi fita.

"Na ce kada ki tsaya da shi ba kowa."

"Jini yake zubarwa."

"Da yawa?"

"Da yawa."

"Da wannan hannun ya zo ya juye mini tanki?"

"Da shi."

Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Ki zuba wa kajin nan abinci. Idan Yayanki ya dawo ki ce kada ya cire takalmi."

Su uku suka tafi a a-kori-kurar, Baba yana tuƙi. Bai fara da gareji ba. A shagon kayan gyara ya fara tsayawa, bai fito ba, ya danna ham har mai shagon ya leƙo. Akwai direbobi huɗu a kan benci.

"Sannu da zuwa, Baba. A kawo kujera?"

"Bar kujera. Kana jin injin nan?"

"Ina ji, Baba."

"Famfon da ka ce na jabu ne ke ciki. Ni na zuba mata gas da hannuna, don hancina ba ya aiki shekara uku ke nan. Yadda ka raba wancan labarin, ka raba wannan. Tsakin kuma ɗari biyu da sha ɗaya ne, ka daina yi mini ƙari."

Ɗaya daga cikin direbobin ya tuntsire da dariya. Mai shagon ya ce ai shi ma ji ya yi. Baba ya ja mota.

Yaya ya juyo a kujerarsa. "Baba, gas? Ka ga abin da nake faɗa ke nan. Wallahi makullin nan..."

"Da ido ake tuƙi, ba da hanci ba. Ranar da idon ya tafi zan kira ka da kaina."

"Ni na jawo, Yaya," in ji Auta daga tsakiya. "Ni na cire alamar jarkar. Idan za a karɓi wani abu a hannun wani, a fara da ni."

Yaya ya kalle ta, ya mayar da idonsa kan titi.

A gidan burodi Baba ya maimaita maganar a tsaye a bakin ƙofa. Mai gidan ya saurara, ya jinjina kai, ya ce ya ji, sai dai ya riga ya yi magana da wani garejin.

Sun sami Bahago yana ɗaure akwatinsa da igiyar roba. Ya ga motar, ya ga wanda ke ciki, ya saki igiyar ya durƙusa. Mai walda na gefe ya kashe injinsa, mai faci ya matso.

"Tashi," in ji Baba. "Yau ni ya kamata in durƙusa, gwiwa ce ba ta yarda."

"Haba, Baba."

"Ka yi mini ƙarya a bakin titi."

"Na yi, Baba."

"Ni kuma na gane ƙarya ce kafin rana ta faɗi, na bar ka da ita kwana tara. Ku shaida," ya ce wa mai walda da mai faci, "yaron nan bai ɓata mini mota ba. Ni na ɓata masa suna." Ya miƙa masa makulli. "Tana ɗan yin tari da safe. Ka duba. Idan ka gama ka turo manyanka."

Bahago ya karɓi makullin da hannu biyu.

Baba ya ja Yaya suka koma wajen mai faci, wai za a duba iskar taya. Auta ta tsaya a gefen bonet.

"Na ce kada ki faɗa," in ji Bahago, kansa a cikin inji.

"Ka ce."

"Tun yanzu an fara ƙin jin magana ke nan."

"Na makara da kwana tara."

"Kin dai zo."

"Ban buɗe baki a bakin titi ba. Wannan ba zai gyaru ba, ko?"

Ya ɗago ya kalle ta. Bai ce mata "ba komai" ba, ta kuma gode masa a ranta.

"Ba zai gyaru ba," ya ce. "Amma ana tafiya da shi. Miƙo mini sha biyu, masoyiya."

Ta buɗe akwatin da ya ɗaure don tafiya, ta ciro ta miƙa masa.

An ɗaura aurensu bayan wata huɗu. Yaya ya halarta, abokinsa ya aiko da uzuri. Baba yana tuƙa motarsa har yanzu, sai dai ya daina zuba mai daga jarka, a gidan mai yake tsayawa. A layin masu walda akwai waɗanda suka ji gyaran maganar, akwai waɗanda labarin farko kawai ya kai musu, kuma har yau akan sami direban da zai tambaya ko nan ne garejin da ya kashe tsaki. Idan Auta tana wurin, ita ke amsawa, tun daga farko, da sunanta a ciki.

Daga cikin motoci bakwai na gidan burodi, biyu sun dawo. Sauran biyar, mai gidan ya ce zai yi tunani.